Sai da karatu a shiga fili

A Amurka, jami'o'i suna da ƙungiyoyin wasa na kansu. Yaron da ya iya ƙwallo sosai, jami'a tana iya ɗaukar shi, ta biya mishi kuɗin karatu da ɗaki da abinci. Amma akwai sharaɗi: sai an duba takardunshi na lise. In karatun bai kai ba, ba ya shiga fili. Ni dai ina ganin wannan doka daidai ce.

Ku ji abin da ya faru kafin a kafa ta. Wani ɗan ƙwallon kwando, Kevin Ross, ya yi shekara 4 yana wasa a jami'ar Creighton. Ya fita a 1982 bai iya karanta takarda ba. Sai ga shi, ƙato wanda ya fi mita 2, zaune cikin aji tare da yara ƙanana a birnin Shikago, yana koyon karatu daga tushe. Dexter Manley kuma, gwanin ƙwallon Amurka, ya tsaya gaban ƴan majalisa a 1989, yana da shekara 30. Ya faɗa musu ya yi shekara 4 a jami'a ba ya iya karatu. Ku da kuka zauna kan benci da girmanku, kun san nauyin wannan magana. Waɗannan jami'o'i sun ci moriyar ƙarfinsu, sun sallame su hannu banza.

Ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'i, sunanta NCAA. Ta tsai da dokar a 1983, aka fara aiki da ita a 1986. Yau, mai son wasa a rukuni na farko sai ya ci darussa 16 a lise: Ingilishi, lissafi, kimiyya, tarihi da makamantansu. Can a kan 4 ake ba da maki, ba a kan 20 ba kamar nan, kuma sai ya samu 2,3. Goma daga cikin darussan, tilas ya gama su kafin shekarar ƙarshe. Ke nan babu zancen a yi barci shekara 3 a farka ranar jarrabawa.

Akwai masu suka, kuma ba su rasa gaskiya ba. Sun ce dokar ta fi taɓa ƴaƴan talakawa, musamman baƙar fata, waɗanda makarantunsu ba su da kayan aiki. A 1989 mai horar da ƴan wasan jami'ar Georgetown, John Thompson, ya fice daga fili don fushi lokacin da aka ƙara tsananta ta. A 2023 an cire wata jarrabawar shiga jami'a daga cikin sharuɗɗan. To, madalla. Amma in makaranta ba ta da kyau, makarantar za a gyara. Cikin ƴan wasan jami'a 100, waɗanda ke samun aikin ƙwallo bayan sun gama ba su kai 2 ba. Sauran fa, da mi za su ci abinci?

Dokar ta shafi baƙi ma. Yaro daga Zinder ko Maraɗi da ke mafarkin zuwa can, kamar yadda Hakeem Olajuwon ya tashi daga Legas zuwa jami'ar Houston a 1980, sai ya aika takardun makinshi na shekaru 4 na ƙarshe, a fassara su da Ingilishi. Uban da ke da irin wannan yaro, ya adana mishi takardun nan wuri guda, kar gara ta ci su.