TALLAN ZAMANI: KIRA GA 'YAN'UWA MATASA

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzonsa (S), ina so ne in ja hankalin 'yan'uwa matasa a kan wani al'amari da ya shafi tuwonmu kuma ya shafi lahirarmu, wato tallan kaya ta waya da intanet.

Iyayenmu sun san lokacin da Kano ke bin bayan Legas a yawan masana'antu. A Bompai da Sharaɗa da Challawa ana saƙa atamfa, ana jemar fata, ana matsar man gyaɗa, ana yin alewa da sabulu da kayan roba, ma'aikata na shiga wasu na fita dare da rana. Sai gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP a 1986 bisa tsarin masu ba da bashi na duniya, Naira ta faɗi, kayan gyaran injina suka gagara saye. Wuta ta zama sai an ga dama, tun daga NEPA har zuwa KEDCO da ta karɓi rabon wutar a 2013. Atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, a Oktoban 2024 kuma Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu. Da yawa daga cikin manyan masaƙun nan sun rufe, wasunsu sun koma ɗakunan ajiyar kayan waje.

Duk da haka ba a mutu an ƙare ba. Har yanzu akwai masu yin buta da bokiti da silifa da tabarmar roba da leda da sabulu, akwai kuma ƙananan masu sana'a da ke sayen fata a Challawa su ɗinka takalmi da jaka. Babban ciwonsu bayan wuta shi ne ciniki. Mutum ya yi kaya mai kyau, amma bai san mai saye ba sai dillali ɗaya ko biyu a Singa ko Ƙofar Wambai, su ne za su yanka masa farashi, su ɗauka bashi, su biya ranar da suka ga dama. Alhali ga matashi nan a ƙofar gidansa da waya a hannu, yana ƙona data a kan musun ƙwallon Turai da zagin malaman da ba nasa ba.

To, ya kai ɗan'uwa, wannan wayar taka tana iya zama sana'a. Tun 2018 aka fito da WhatsApp Business, kuma kyauta ne. A cikinsa za ka jera hotunan kaya da farashinsu, ka rubuta saƙon maraba da zai tafi da kansa ga duk wanda ya yi maka magana karon farko, ka kuma sa wani saƙon da zai ba da amsa in ba ka nan. Kana masallaci ranar Juma'a, mai saye daga Maraɗi ko Agadas ya tambayi kuɗin dozin ɗin buta, na'ura ta shaida masa cewa an tafi sallah, za a neme shi bayan an sauko. Ka ga ka bar ciniki lokacin da Allah Ya ce a bari, kuma mai sayen bai tafi wani wuri ba. Akwai kuma jerin aika saƙo ga mutum 256 a lokaci guda, sai dai ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa.

Imel kuma yana da nasa wurin. Ɗan kasuwar ƙauye ba ya buɗe shi, amma kamfanoni da makarantu da asibitoci da masu sayen fata ko riɗi ko zoɓo daga ƙasashen waje da shi suke aiki. Akwai manhajoji irin su Mailchimp da za ka zuba adireshin abokan ciniki, ka tsara musu wasiƙa ta riƙa fita da kanta duk farkon wata da sabon farashi, ko ta tuna wa wanda ya karɓi kaya cewa ranar biya ta yi.

Sai dai a nan ne wajen tsoron Allah. Na'ura ba ta da littafin zunubi, na mai ita ake rubutawa. Wanda ya yi ƙarya a bakin shago mutum ɗaya ya yaudara, wanda kuwa ya rubuta ƙarya ya danna ta tafi ga mutum dubu, to mutum dubu za su tsaya da shi gaban Allah. Mun san labarin tulin abincin da Manzon Allah (S) ya sa hannunsa a ciki ya ji danshi a ƙasa, da irin gargaɗin da ya yi wa mai shi. Hoton takalmin Italiya da aka ɗauko aka ce na Kano ne, da roba da aka kira fata, duk ɓoye danshi ne. Haka nan masu koyar da wannan talla suna cewa ka rubuta wai saura guda uku kacal alhali sito cike yake, ko ka sa abokanka su yi ta yabon kayan kamar sun saya. Wannan ɗan'uwan najashi ne da Shari'a ta hana. Sa hoton mata marasa sutura don jan ido kuwa, ba sai an yi dogon bayani a kansa ba.

Sannan akwai haƙƙin mutane. Lambar wayar Musulmi amana ce. Kwashe lambobi daga zauren karatu ko na ta'aziyya don a cika su da talla cin amana ne, haka ma sayen jerin lambobi a hannun wani. Ko dokar ƙasar nan ta kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta neman yardar mutum, kuma tun 2016 hukumar NCC ta ba jama'a lambar 2442 don toshe saƙonnin talla saboda yadda suka addabi mutane. Abin kunya ne a ce doka ta riga mu zuwa ga abin da addininmu ya koya mana tuntuni. Ka nemi izini, wanda ya ce ka cire shi ka cire shi nan take.

Wani abin lura shi ne sayar da abin da ba ka mallaka ba. In kayan na mai masana'anta ne, ku zauna ku rubuta cewa kai wakilinsa ne da la'adarka sananniya, kuma ka tambayi malamai hukuncin abin da ya shige maka duhu kafin ka karɓi kuɗin mutane.

Kada kuma mu manta cewa kasuwar nan a filin wani aka kafa ta. Facebook da WhatsApp da Instagram duk na kamfani ɗaya ne a Amurka. Ranar 4 ga Oktoba 2021 dukkansu suka ɗauke na kusan awa shida. A shekarar ce kuma gwamnatin Buhari ta rufe Twitter daga Yuni har zuwa Janairun 2022, masu ciniki a kai suka rasa tudun dafawa. Saboda haka duk wanda ya saya a wajenka, ka rubuta sunansa da garinsa da lambarsa a littafi da biro. Ranar da suka rufe shafinka, littafin na nan.

Ina kira ga 'yan'uwa a kowace unguwa, waɗanda suka iya su zaunar da waɗanda ba su iya ba. Kowa ya nemi mai sana'a ɗaya a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, ya ɗauki hoton kayansa na gaskiya da farashi na gaskiya, ya fara da mutum ashirin da suka yarda a aiko musu. Matashin da ke cin guminsa ba ya zama ɗan bangar ɗan siyasa, kuma shi ne ke da abin da zai taimaki addini da shi.

Allah Ya azurta mu da halali, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa. Wassalam.