Wasa Ba Ya Tsayawa Sai Da Alƙali

Kowace shekara idan kaka ta yi, aka gama karyar masara da yankan dawa, aka kai auduga kasuwa, samarin ƙasar Kafur sukan koma filin ƙwallo. Daga Kafur zuwa Masari, daga Mahuta zuwa Gozaki, da wuya a sami gari mai ɗan girma wanda ba shi da ƙungiyar 'yan wasa. Masu hali da 'yan siyasa sukan sa kofi, unguwa ta kara da unguwa, ƙauye da ƙauye, jama'a su taru su yi nishaɗi bayan wahalar damina. Wannan abin farin ciki ne, muna kuwa yaba wa masu ɗaukar nauyinsa. Amma akwai wani giɓi wanda ya kamata mu ja hankalin jama'a gare shi. Masu son buga ƙwallo sun yi yawa har sai an zaɓa an bar wasu, alhali kuwa wanda zai riƙe usur ya tsaya tsakani sai an yi cigiya, in an samu ma ba ya daɗewa.

Manomin wannan yanki ba ya bukatar dogon bayani game da darajar mai tsayawa tsakani. Tun zamanin da ake kai auduga injin gurza na Funtuwa da na Malumfashi, dattawa sun san cewa kasuwa tana tsayawa ne bisa amincin sikeli da na malamin da ke duba kaya ya ba su lamba. Ran da aka daina yarda da ma'auni, ran nan ciniki ya koma rigima. To, haka filin wasa yake. Mutum ashirin da biyu suna neman abu guda, kowane kuwa yana da 'yan'uwa a bakin fili, in babu wanda aka yarda da hukuncinsa, abin da aka shirya don zumunci shi ne zai haddasa gaba tsakanin garuruwan da ke auratayya da juna. Turawan da suka tsara wannan wasa su ma sun gwada barin 'yan wasa su sasanta kansu, suka ga ba ta fisshe su, sai a shekarar 1891 suka shigar da alƙali cikin fili, suka ba shi cikakken iko.

To, ina dalilin da samari ke gudun wannan aiki? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko shi ne wulaƙanci. Yaro ya fito da kyakkyawar niyya, ya busa satar gida ko bugun daga kai sai mai tsaron gida, sai a yi masa ca, a zage shi ta uwa ta uba a gaban mutanen garinsu, wani lokaci har da jifa. Na biyu shi ne rashin lada. A kashe kuɗi wajen kofi da riguna da makaɗa, amma alƙalin da ya yi gudun minti casa'in cikin rana a sallame shi da na gode, ko a ce ya dawo gobe. Na uku shi ne rashin koyarwa, gama sau da yawa akan miƙa wa saurayi usur ne don kawai babu wani, ba tare da an taɓa zaunar da shi an karanta masa dokokin nan goma sha bakwai na ƙwallon ƙafa ba. Wanda ya haɗa zagi da rashin biya da rashin sani, in ya ajiye usur bayan kaka ɗaya, wa zai ga laifinsa?

Wannan mugun hali kuwa daga manyan filaye yake gangarowa ƙauye. A watan Yuni na 2019, a filin wasa na Agege a Ikko, 'yan kallo suka kutsa fili suka bi alƙali bayan an tashi kunnen doki tsakanin Kano Pillars da Enugu Rangers, har hukumar gasar ta ci ƙungiyar ta Kano tarar naira miliyan 8. A ƙasar Turkiyya, a watan Disamba na 2023, shugaban ƙungiyar Ankaragucu da kansa ya shiga fili ya naushi alƙali Halil Umut Meler a fuska, sai da aka tsai da wasannin ƙasar duka na 'yan kwanaki, shi kuma aka haramta masa harkar ƙwallo har iyakar ransa. Yaranmu suna kallon waɗannan abubuwa a waya da gidajen kallo. Mai son tayar da fitina ya ɗauki darasi, mai sha'awar alƙalanci kuwa ya ja da baya.

Sakamakon haka mun riga mun gan shi. A gasar cin kofin Afirka da aka yi a ƙasar Kodebuwa a farkon 2024, 'yan wasan Nijeriya sun kai har wasan ƙarshe, amma cikin dukan alƙalan da aka zaɓa babu ɗan Nijeriya ko ɗaya. Ga Gambiya kuwa, wadda yawan jama'arta bai kai rabin na Jihar Katsina ba, ta fid da Bakary Gassama, wanda ya busa a gasar cin kofin duniya sau uku, watau 2014 da 2018 da 2022. Maroko ta fid da Sa'id Belqola, ɗan Afirka na farko da ya yi alƙalancin wasan ƙarshe na kofin duniya, tsakanin Faransa da Barazil a 1998. Ruwanda ta fid da Salima Mukansanga, mace ta farko da ta busa a gasar maza ta kofin Afirka, a watan Janairu na 2022. Alƙali irin waɗannan ba a yin sa dare ɗaya. Daga ƙaramin fili yake farawa, ya yi shekaru yana hawa daga mataki zuwa mataki. Hukumar ƙwallo ta duniya ba ta sa mutum cikin jerin alƙalanta na tsakiya sai ya cika shekara 25, ke nan wanda ake so ya kai can dole ya fara tun yana ɗan makaranta. A Ingila ana karɓar yaro koyon alƙalanci tun yana da shekara 14. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ga shawarwarinmu, babu kuwa wadda ta fi ƙarfin mutanen Kafur. Da farko, Ƙaramar Hukuma ta nemi majalisar alƙalan wasa ta Jihar Katsina ta riƙa aiko da malami kowace shekara kafin kaka, ya yi ko da mako guda yana koyar da samari, a yi musu jarrabawa, a ba wanda ya ci takardar shaida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, shugabannin makarantun sakandare su zaɓi yara masu natsuwa da kaifin ido su riƙa riƙe tuta, da auna tsalle, da duba agogo a wasannin makaranta, ƙarƙashin kulawar malamin wasanni, a sa 'yan mata kuma su koyi yin alƙalancin wasannin 'yan'uwansu mata. Na uku, duk wanda zai sa kofi ya ware kuɗin alƙalai tun kafin a fara, ya damƙa su ga kwamiti, a biya kowane alƙali kafin ya shiga fili, don kada hakkinsa ya rataya ga wanda ya ci ko wanda aka cinye. Na huɗu, kada a sa yaro ya busa wasan garinsu. A ɗauko na Mahuta ya busa a Masari, na Malumfashi ya busa a Kafur, sabon shiga kuma a haɗa shi da tsohon hannu.

Na biyar, wanda shi ne ginshiƙin sauran, hakimai da dagatai da masu unguwanni su sa baki. A tara shugabannin ƙungiyoyi kafin gasa, a rubuta sharaɗi kowa ya sa hannu, cewa ƙungiyar da magoya bayanta suka taɓa alƙali an fid da ita, ko da ɗan wane ne ya kafa ta, mai dukan kuma a miƙa shi ga hukuma kamar kowane mai laifi. In aka zartar da wannan sau ɗaya ba sani ba sabo, sauran za su shiga taitayinsu. Haka kuma ranar ba da kofi a kira alƙalai gaban jama'a a yi musu kyauta kamar yadda ake yi wa gwanin cin raga, domin yara su gani su san abin girmamawa ne. A fagen dambe da kokawa iyayenmu ba su taɓa yarda ɗan kallo ya ɗaga wa mai raba 'yan wasa hannu ba. Me zai sa mu yarda da haka a filin ƙwallo?

Su kuma samari muna da magana da su. Alƙalanci ba ya hana noma, ba ya hana karatu ko aikin ofis. Belqola ma'aikacin kwastan ne. Ken Aston, Baturen da ya ƙago katin gargaɗi da jan kati waɗanda aka fara aiki da su a kofin duniya na 1970, malamin makaranta ne. Ɗan wasa ƙafarsa takan gaji tun yana da sauran ƙuruciya, alƙali kuwa yakan wuce shekara arba'in yana cikin fili. Abin da aikin ke koyarwa, watau haƙuri, da yanke hukunci cikin hanzari, da faɗin gaskiya a gaban taron da ba ya son jin ta, guzuri ne na dukan rayuwa. Amma fa akwai sharaɗi. Wanda ya karɓi abin hannun wani don ya karkatar da wasa ya ci amana, ya kuma ja wa na kirki jifa. Kuskure kowa yana yi, ana kuwa yafe shi, cin hanci ne ba shi da magani. Wanda aka zage shi yau kada ya yi fushi ya tafi, ya kai ƙara ga kwamiti, ya koma ga littafin dokoki, ya dawo mako mai zuwa.

Iyaye kuma kada su hana ɗan da ya nuna sha'awa, su raka shi fili in da hali, gama mai zagi yakan ji nauyi in ya ga uban yaro yana zaune. Muna fata kafin kaka mai zuwa mu ji an buɗe ajin farko a Kafur, mu kuwa a shirye muke mu buga labarinsa. Allah ya ba shugabanni ikon tsayawa kan gaskiya, ya sa wasa ya zama sanadin zumunci tsakanin jama'armu, amin.