A Fito Mana da Jitar da ke Cikin Sito



Duk wanda ya taɓa bi ta gindin darbejiyar bayan ajujuwa ranar Laraba bayan an tashi, ya ji wani ƙara kamar ana jan ƙyauren langa-langa. Mu ne. Mu ne 'yan aji biyun nan masu koyon kaɗa jita, kuma mun san ana yi mana dariya. Wani yayanmu ɗan aji uku ya ce kukan kyanwar gidansu ya fi kiɗanmu daɗi. Ba mu yi fushi ba, domin a makon farko gaskiyarsa ce.

Mu goma sha ɗaya muka fara a farkon zangon nan. Yau saura mu biyar. Mutane suna cewa waɗanda suka daina ba su da baiwa ne. Mu da muka zauna tare da su mun san ba haka ba ne. Jita ɗaya ce tak, ta malaminmu mai bautar ƙasa, kuma awa ɗaya muke samu a mako. Ku raba minti 60 tsakanin mutum 11, za ku ga kowa minti biyar ya samu da 'yan daƙiƙoƙi. Kafin ka gyara zama ka tuna inda yatsunka suke a makon jiya, na bayanka ya miƙo hannu.

Bari mu faɗa muku abin da sabon shiga yake haɗuwa da shi, don ku gane dalilin kukanmu. Jita tana da tsirkiya shida. Mafi kauri tana sama, mafi siriri tana ƙasa, kuma sunayensu daga sama E, A, D, G, B, E. Hannun dama shi ke kaɗawa, na hagu kuma yana danne tsirkiya a wuyan jitar, inda aka jera wasu siraran ƙarafa. Ranar farko Malam bai koya mana kiɗa ba ma. Farcen hannun hagu ya sa muka yanke, don mai dogon farce ba ya iya danne tsirkiya da kan yatsa. Wata a cikinmu ta kusa yin kuka.

Daga nan sai zafi. Tsirkiyar jitar Malam ta ƙarfe ce, tana shiga cikin tsokar yatsa ta bar layi ja. In ka sassauta, sauti ya fito da zizar ƙuda. In ka danne a tsakiya, nesa da ɗan ƙarfen, haka ma. Sai ka matsa dab da shi, ka lanƙwasa yatsa kada ya taɓa tsirkiyar maƙwabciya. Abin da ake kira kod shi ne danne wurare biyu ko uku lokaci guda a kaɗa su tare. Wanda muka fara da shi, Em, yatsu biyu kawai yake buƙata, amma sai da muka yi mako biyu kafin ya fito garau. Sauyawa daga G zuwa C har yanzu tana sa mu tsaya cak a tsakiyar kiɗa kamar jaki ya ga ruwa. Kod ɗin F kuwa, wanda yatsa ɗaya zai kwanta a kan tsirkiya duka, mun gaishe shi daga nesa.

Maganin zafin nan guda ɗaya ne: kanta. In kana taɓa jita kullum, cikin 'yan makonni fatar kan yatsa za ta yi tauri kamar ta hannun mai daka, zafin ya tafi. Amma in sau ɗaya ne a mako, kafin wata Larabar fatar ta koma laushi, sai ka sake farawa daga tushe. Shi ya sa Malam yake cewa minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu a rana ɗaya. Abokanmu shida sun sha zafin sau huɗu ko biyar ba su ga ribarsa ba, suka haƙura. Wa zai ga laifinsu?

To ga abin da ya fi damunmu. Akwai jita a makarantar nan. Mun gan ta da idonmu ranar da aka aike mu sito ɗauko tsintsiya, tana jingine bayan karyayyun kujeru, ƙura ta rufe ta, tsirkiya biyu sun tsinke. Malam ya duba ya ce wuyanta bai lanƙwashe ba, sabuwar tsirkiya kawai take so. A zangon da ya wuce, a darasin al'adu da fasaha, an sa mu zana jita a littafi mu rubuta sunayen sassanta. Da yawanmu sun ci tara cikin goma. Ashe ta gasken tana ɗaki uku daga ajinmu, gizo-gizo yana saƙa a kanta.

Mun ji masu cewa za a lalata ta in an fito da ita. Muna girmama wannan tsoron, mun san halin wasunmu da kayan makaranta. Amma zaman sito ma lalacewa ne. Itace ne, hunturu yana busar da shi, damina tana jiƙa shi, gara kuma ba ta neman izinin kowa.

Wasu sun ce ɓata lokacin karatu ne. Ba mu nemi a taɓa ko darasi ɗaya ba, lokacin tara kawai muke so, wanda yanzu yake ƙarewa a guje-guje da layin mai awara. Akwai kuma iyayen da ba su yarda 'ya'yansu su yi kiɗa ba. Wannan haƙƙinsu ne, kuma mu biyar ɗin nan kowa sai da ya nemi izini a gida kafin ya zo. Duk wanda zai shigo, ya yi haka.

Maganar da ta fi ba mu mamaki ita ce wai jita kayan Turawa ce, mu je mu koyi gurmi. Wallahi a kawo gurmin, muna so! Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Amma maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da mayar da jita tasu. Bombino ɗan Agadas ne, kuma jita ce ta kai sunansa cikin jerin masu takarar lambar Grammy a 2019. Mdou Moctar kuwa, shi ma ɗan Nijar, da yake yaro bai samu jita ba, sai ya harhaɗa tasa da katako da wayar birkin keke. Mun yi tunanin gwada tasa dabarar, sai muka tuna cewa mu tamu tana nan a gama, makulli ne kawai tsakaninmu da ita.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Bautar ƙasa shekara ɗaya ce, Malam zai tafi a ƙarshen zango mai zuwa, jitarsa a kafaɗa. In har zuwa lokacin ba mu iya saita tsirkiya da kunnenmu ba, ba mu riƙe kod huɗu ko biyar da za mu koya wa 'yan aji ɗaya ba, to shi ke nan, abin ya tafi tare da shi.

Don haka muna roƙon Shugaban makaranta da Malam mai kula da sito, cikin ladabi, a ba mu aron jitar nan. Mun fara tara kuɗin tsirkiya daga kuɗin tararmu, kuma ta roba muke so a saya, don ta fi sauƙi a yatsun sabon shiga. A ajiye ta a ofishin malamai, a buɗe littafi, duk wanda ya ɗauka ya sa hannu, ya mayar kafin a buga ƙararrawa. In ta fashe a hannunmu, a kama mu.

Ku kuma abokanmu shida, gurbinku yana nan a gindin darbejiya. Ku zo ranar Laraba, ku yanke farce tun daga gida.