Kori Ba Filin Sukuwa Ba Ne

Damina a jihar Agadas gajera ce, amma ba da wasa take zuwa ba. Galibin ruwan shekara cikin watannin Yuli da Agusta yake sauka. Idan hadari ya zuba bisa duwatsun Abzin, dutse ba ya shan ruwa. Sai ruwan ya gangaro ya cika kori, ko da kuwa a cikin gari ba a ga ɗigo ba. Mutanen Agadas ba su manta da farkon watan Satumba na shekarar 2009 ba, lokacin da ruwan korin Telwa ya fasa madatsa, ya shiga unguwanni, ya rushe dubban gidaje. Ruwan da ya kā da gida, ina ga mota?

Ba wanda zai musa amfanin motocin nan masu shiga daji da muke kira kat-kat. Da zarar mutum ya bar babbar hanyar Tawa zuwa Arlit, ya nufi Dabaga, ko Timiya, ko Tabelot, ko Iferwan, to, sai ya ƙetare kori bayan kori. Wajen Ingal kuwa, inda makiyaya ke taruwa cikin Satumba domin lasar gishiri, ƙasar laka ce mai kama ƙafa. Da irin waɗannan motoci ake kai allurar rigakafi da malaman makaranta, da su ake ɗauko mace mai naƙuda. Domin haka ne ya zama wajibi mu faɗa wa juna gaskiya game da yadda muke riƙon su.

Tun lokacin da tseren Paris-Dakar ya fara ratsa Agadas a shekarar 1979, samari suka ga motoci na keta rairayi kamar tsuntsaye, abin ya shiga ransu. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, motar tsere takan kwana hannun makanikai suna duba ta. Tamu kuwa sai ta fito daga taɓo a jingine ta gindin bango, gobe a sake hawa.

Na taɓa ganin haka da idona. An aike mu rangadi ƙauyuka, ina tafinta. Muka tarar da kori ya kawo. Direba, dattijo ne wanda ya san ƙasar, ya ce mu dakata ruwa ya ja. Shugaban tafiya ya ce ana jiran sa, a shiga. Tsakiyar ruwa mota ta mutu. Allah ya sa masu lambu na kusa, suka fid da mu da igiya. Motar ta yi wata uku a gareji, ƙauyukan da suka rage ba su gan mu ba a wannan shekara. Sauri ya haifi nawa.

Ga dalili. Injin mota iska yake shaƙa yana matsawa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan ya bi ta hanyar iska ya shiga, ƙarafunan ciki kan tanƙware nan take. Saboda haka motar da ta mutu cikin ruwa kada a sake tayar da ita, a jawo ta. Har ila yau ruwa mai gudu, ko da iyakar gwiwa ya kai, yana kwashe rairayin da ke ƙarƙashin taya, yana iya tafiya da motar ɗungum. Korin Abzin kuwa sau da yawa cikin ƴan sa'o'i yake janyewa. Wanda ya zauna ya sha shayi bai yi hasarar kome ba.

Bayan fitowa, aiki bai ƙare ba. A taka birki sannu-sannu har ya bushe. Da an isa, a wanke ƙarƙashin mota tun laka ba ta daskare ba, domin tana riƙe danshi, ta jawo tsatsa, ta ci birki, ta toshe lagireto har inji ya yi zafi. A duba man inji da na giya da na gadar taya: in ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a juye shi a zuba sabo. A buɗe matatar iska, in ta jiƙe a canza. A sa girisi a gaɓoɓin da ke juyawa. Wannan duka aikin yini guda ne, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar kuɗin sabon inji ba.

To, laifin wa? Mun saba ɗora shi kan direba, alhali shi umurni yake bi. A ganina abu uku ya kamata a yi. Na farko, a bakin kori maganar direba ce ta ƙarshe, kome girman wanda ke cikin mota. Na biyu, kowace ma'aikata ta ware kuɗin kula da mota bayan kowace tafiyar damina, ta kuma ajiye littafin da ake rubuta abin da aka duba. Direbobin da suka yi yaƙi da jahilci suna iya cika shi da Hausa ko Tamajak. Na uku, masu shiga taɓo don nishaɗi su nisanci lambuna da makiyaya, domin sawun taya cikin ɗanyar ƙasa yakan zama hanyar zaizaya.

Kakanninmu na ayari ba su kwana sai sun sauke wa raƙumi kaya sun duba bayansa, domin sun san shi zai mai da su gida. Motar gwamnati da harajin talaka aka saye ta. Ranar da ta kwanta, talaka ne zai ɗauki majinyacinsa bisa jaki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiya gida lafiya.