Idan Aka Rufe Makaranta, Ina Malami Zai Nufa?

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan baki ɗaya saboda annobar korona. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma a watan Agusta domin jarrabawa, sauran kuwa galibi sai Oktoba ko bayansa. Ba mu gama karkaɗe ƙurar azuzuwa ba aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba, a Fabrairun 2021 aka bi da Kagara da Jangebe, jihohi da dama suka sake garƙame makarantun kwana da na ƙauyukan bakin daji. A duk wannan an yi ta jimamin karatun da yara suka rasa, kuma ya cancanci jimami. Amma malami fa? Takarda ɗaya aka aiko, aka ce ya zauna gida sai an neme shi. 'Yan kaɗan aka zaɓa suka gabatar da darussa a rediyo da talabijin, sauranmu muka zama 'yan kallo.

Mu a wannan reshe muna ganin cewa lokacin da aka rufe makaranta shi ne lokacin da ya fi dacewa a horar da malami, domin aikin da zai tarar idan an buɗe ba shi ne wanda ya bari ba. Yaron da ya yi wata shida ko bakwai a gida, yana talla ko yana gona, ya dawo aji huɗu da suna ne kawai. A benci ɗaya akwai mai karanta sakin layi, da mai haɗa baƙi da wasali da ƙyar, da wanda ya manta haruffan gaba ɗaya. Manhaja kuwa ba ta san an yi annoba ba, cewa take a ci gaba daga darasin mako na kaza. Malamin da ya bi ta ido rufe zai koyar da yara goma, hamsin su zuba masa ido. Akwai dabarar da ta dace da irin wannan hali, wadda ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da ita, aka kuma gwada ta a Borno da Kano: a gwada kowane yaro shi kaɗai cikin 'yan mintoci, a raba su rukuni-rukuni gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon ajinsu ba, a keɓe wani lokaci kullum ana gina karatu da lissafi daga tushe. Ba ta buƙatar kwamfuta. Allo da alli da tsinken kara sun isa, sai dai tana buƙatar malamin da aka nuna masa, ya gwada a gaban abokan aiki, aka gyara masa.

Kada a ce babu kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, kuma a cikinsa akwai kason horar da malamai. Matsalar tana ga salon bitar da aka saba: kwana uku ko biyar a babban birni, fuskokin da suka je bara su ne na bana, a dawo da jaka da biro, a ce su sanar da sauran. Kafin ilimin ya isa makarantar ƙauye ya zama ruwan wanke kwano. Masu cewa a mayar da horon kan intanet kuwa, muna tunatar da su cewa a Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato na tsawon makonni. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976 take, kuma da littattafai da cibiyoyin karatu na ƙarshen mako ta ɗaga dubban malamai, tun kafin wayar hannu ta shigo.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce: mutumin da albashinsa bai zo ba, ya koma gona ko kasuwa don ciyar da iyali, da wane ƙarfi zai zauna koyon dabarun koyarwa? Maganarsu gaskiya ce, shi ya sa muke cewa zaman horo aiki ne, a biya kuɗin mota, a kuma lissafa shi wajen ƙarin girma. Sai dai mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai waɗanda ba su tambayar me za a koyar a bita, sai nawa ne alawus. Mu tuna da Kaduna a 2017, inda aka ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji aka sallame su. Ƙungiya ta yi jayayya da yadda aka gudanar da ita, har ta tafi yajin aiki, amma kujerun sun tafi. Wanda bai horar da kai ba, wata rana shi zai zo ya gwada ka, kuma gara ya same mu da hujjar cewa mun nemi horo a rubuce.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshe su sa wannan buƙata a takardar da za su kai wa sakataren ilimi, layi ɗaya da ta bashin albashi: duk sanda aka rufe makarantu fiye da mako biyu, malaman makarantu huɗu ko biyar masu maƙwabtaka su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako a wurin da ke da aminci, ƙwararre daga cikinsu ya jagoranta. Wakilin kowace makaranta ya zo taro mai zuwa da sunayen makarantun da ke kusa da shi, da sunan malami ɗaya da kowa ya shaida ya iya koyar da karatun farko.