Kana son gidan rediyon kanka? Kada ka fara da sayen na'urar FM

A shafukan sayar da kaya irin su AliExpress akwai ƙananan na'urorin watsa shirin FM masu ƙarfin wat 5 ko 7 ko 15, kuma kuɗinsu bai kai na waya mai kyau ba. Matashi na gani sai ya ce ai ga gidan rediyo nan a cikin kwali. Ni dai a ganina, wanda ke son ƙaramar tasha ta sha'awa, mai gudanar da kanta dare da rana, nan ne wuri na ƙarshe da ya kamata ya zuba kuɗinsa.

A Najeriya, hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ke kula da lasisin watsa shirye-shirye, kuma hawa kan wata mita ba tare da izini ba laifi ne, ko da unguwarku kaɗai kake kamawa. Ga kuma wani abu da masu tallar ba sa faɗa: zangon FM yana ƙarewa a megahaz 108, daga nan na jiragen sama ya fara. Na'ura mai arha da ba ta da matata mai kyau takan yi tsartuwa zuwa mitocin maƙwabta. Wannan ba wasan yara ba ne.

Tashar intanet ba ta buƙatar eriya ko mita, kuma manhajojinta kyauta ne. RadioDJ na aiki a kan Windows, ko da tsohuwar kwamfuta ce: ka zuba mata shirye-shirye da sanarwa, ka tsara abin da zai fita ƙarfe bakwai da abin da zai fita bayan Isha'i, ta ci gaba kana barci. Wasu sun fi son Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan da ta fito a 2012 a kan dala 35, wadda ba ta cin wutar da ta kai ta ƙwan fitila.

Amma ajiye tashar a ɗakinka yana da tsadar da ba a gani. Yi lissafi: sauti mai ingancin kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan MB 58 a awa, wato kusan GB 41 a wata idan ba ka kashe ba. Ko ka rage zuwa 64, kana neman GB 21. Sannan ga wuta. Duk lokacin da aka ɗauke, ko netwok ya yi tsiya, tasharka ta yi shiru, sai ka koma maganar batir da inbata da sola, kuɗin da ya ninka na kwamfutar kanta.

Shi ya sa na fi karkata ga hayar saba. Da kimanin dala 6 zuwa 12 a wata kana samun ƙaramar saba a waje, ka ɗora mata AzuraCast, manhajar da ta haɗa mai jera shirye-shirye da mai watsa su wuri guda. Sau ɗaya za ka loda fayil, kuma daga burauzar wayarka kake sarrafa komai. Ko an kwana uku babu wuta a layinku, tashar na nan tana magana. Abin lura shi ne kowane mai sauraro data daban yake ja daga sabar: mutum 100 na awa guda a kan kilobit 64 sun kai kusan GB 3. Su ma datarsu suke ƙonawa, don haka tausaya musu, 64 ya wadatar ga magana.

Inda ya cancanci ka kashe kuɗi shi ne makirufo. Samson Q2U yana shiga kwamfuta kai tsaye ta USB, kuma ba ya kwaso kukan janareto da na awakin maƙwabta kamar waɗancan masu ƙyalli da ake tallatawa. Labule mai kauri da katifa a jingine da bango sun isa su kashe amon ɗaki. Audacity kuwa kyauta ce don gyaran murya.

Sai maganar abin da za ka watsa, wadda yawanci ba a sa ta a lissafi. Waƙar da ka tura wa kanka ta Xender ba taka ba ce, tana da mai ita, kuma watsa ta ga jama'a na buƙatar izini. Awa 24 kuma ba kaɗan ba ce. Idan ka naɗi shirin awa biyu kacal, mai sauraro zai ji shi sau 12 kafin gobe war haka. Kafin ka biya kuɗin watan farko, tara aƙalla awa goma na abin da kake da ikon watsawa: hira da tsofaffin unguwa, sharhin ƙwallo, farashin kasuwa, da waƙoƙin matasan garinku da suka yarda a rubuce.