TAYA MA TANA SHAN MAI

Jama'a, tun ran 29 ga watan Mayu 1923 ba mu ce ba, ran 29 ga watan Mayu 2023 muke nufi, ranar da Shugaban Ƙasa ya tsaya a Abuja ya ce an janye tallafin man fetur, babu wata magana a tashar Sabon Birni da ta Isa sai ta tsadar mai. Litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kana a watan Oktoba 2024 ta haura naira 1,000. Mu mutanen bakin iyaka kuwa wahalarmu ta girmi wannan, gama tun watan Nuwamba 2019 aka ba da umurni kada a kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wai don a hana fasa-ƙwauri, sai garuruwa da yawa suka koma hannun 'yan bumburutu. Wannan duka kun sani, kun kuwa ji a jikinku. Abin da muke so mu faɗa muku yau shi ne, akwai wani ɓarawon mai wanda ba a kama shi ba, ba a ma yi ƙararsa ba, ga shi kuwa a ƙarƙashin kowace mota, su huɗu ko shida ko goma. Taya ke nan.

Kada wani ya ce wannan zancen direbobi ne. Mai buhun albasa daga fadamar Rima, da mai wake, da mai kai tumaki Shinkafi, da tsohuwa mai zuwa asibiti Sakkwato, duk su ne ke biyan kuɗin man nan. Direba hannu ne kawai da kuɗin ke bi su wuce.

To, yaya taya ke shan mai, alhali ba ta da baki? Ku tambayi ɗan ga-ruwa. Ran da iskar tayar kurarsa ta ragu, jarka goman nan da ya saba turawa sai su zame masa kamar ashirin. Mai keke ma ya sani. Dalili kuwa shi ne, duk inda taya ta taɓa ƙasa sai ta lotsa, in ta juya ta miƙe, ta sake lotsawa, haka sau ɗaruruwa cikin minti guda. Wannan lanƙwasa tana cin ƙarfi, ƙarfin kuwa ba ya dawowa duka, zafi yake zama. In mota ta taso daga Sakkwato ta tsaya Goronyo, ku ɗora hannu bisa tayar. Zafin nan da kuka ji, ban da na rana da na kwalta, man fetur ne wanda aka saya da kuɗinku, ya ƙone bai kai ku ko taki ɗaya gaba ba. Masana sun auna, sun ce a ƙaramar mota wajen kashi ɗaya cikin biyar na man da ta sha yana tafiya ne wurin rinjayar cijewar taya. A babbar mota mai kaya kuwa abin yakan kusa kai kashi ɗaya cikin uku. Watau tanki biyar in ka cika, ɗaya na taya ne.

Tayoyi kuwa ba ɗaya suke ba, ko da duk baƙaƙe ne masu zagaye. A shekarar 1992 kamfanin Michelin na Faransa ya fito da taya wadda aka cuɗa robarta da silika, wani farin gari da asalinsa rairayi ne, maimakon baƙin garin hayaƙi zalla da aka saba sakawa. Sai aka ga tana gungurawa da sauƙi, ba ta kuwa rasa riƙon ƙasa cikin ruwa ba. (Rairayi fa, jama'a! Abin da iska ke tara mana a bakin ƙofa kowace bazara kyauta.) Yau manyan kamfanoni duk suna yin irinta. A Amurka wani kwamitin masana ya ba da rahoto a 2006 cewa in aka rage cijewar taya da kashi 10 cikin ɗari, mota takan rage shan mai da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari.

Turawa sun lura da wani abu. Sabuwar mota takan fito daga ma'aikata da taya mai tsimin mai, domin doka ta matsa wa masu ƙera motoci. Amma ran da tayar fari ta cinye, mai mota ya tafi kanti, sai ya sayi wadda ta fi araha, don ba shi da hanyar sanin wadda ta fi. Saboda haka daga watan Nuwamba 2012 ƙasashen Tarayyar Turai suka tilasta a liƙa wa sabuwar taya takarda. A gefe guda akwai hoton famfon gidan mai da haruffa daga A zuwa G, kore a sama, ja a ƙasa. A ɗaya gefen akwai hoton girgije da ruwan sama, don nuna yadda take riƙe birki a jiƙaƙƙiyar hanya. Sun ce tsakanin ta sama da ta ƙasa bambancin shan mai yana iya kai kashi 7 da rabi cikin ɗari. A watan Mayu 2021 suka gyara takardar, haruffa suka koma A zuwa E. Japan ta soma nata tsarin tun 2010.

Abin da yake gefen magana a wurinsu, a wurinmu shi ne maganar duka. Wa ya taɓa ganin sabuwar mota fil tana lodi a tashar Isa? Motocinmu, Golf ne ko Sharon ko tsohuwar a-kori-kura, sun gama aikinsu a Turai kafin su sauka Kwatano. Tayar da suka fito da ita daga ma'aikata ta mutu tun direban yana goye. Kowace taya da ke birgima tsakanin Gatawa da Sakkwato tayar canji ce, kuma mafi yawansu gwanjo ne.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan makaranta, misali ne kawai, kowa ya sa nasa adadi. A ce mota tana shan lita 30 a yini. A ce taya mai kyau da iska daidai sun rage mata kashi 5 cikin ɗari. Lita ɗaya da rabi ke nan kullum, lita 9 a mako in tana hutawa rana guda, lita 450 cikin mako 50. In lita tana naira 1,000, an sami naira 450,000. Wani zai ce, ai hanyoyinmu ba irin na Jamus ba ne, ramuka ne da yashi, taya ba za ta nuna gwanintarta a nan ba. Gaskiyarsa. A mummunar hanya ribar takan ragu. To, a raba lissafin biyu. Naira 225,000 abin zubarwa ne ga talaka?

Me ya hana a sayi ta kirki? Tsada, ba shakka, amma akwai wani ƙulli bayan tsada wanda muke so ku dube shi da kyau. A yawancin motocin haya, mai mota shi ke sayen taya, direba shi ke sayen mai. Alhaji yana zaune a gida yana jiran balas ɗinsa da maraice, balas kuwa ba ya canjawa ko mota ta sha lita 20 ko ta sha 40. Me zai sa ya ƙara kuɗi ya sayi tayar da ribarta aljihun wani za ta shiga? Sai ya aika a ɗauko mafi araha a gwanjo. Direba ya ga mai yana ƙarewa da wuri, ba shi da ikon taɓa balas, sai ya ɗora a kan buhu da kan fasinja, ya kuma cusa mutum huɗu inda aka yi wa uku. Ɗan kasuwa ya ɗora a kan mudu. Mai sayen mudu kuwa ba shi da wanda zai ɗora wa. Ba mu ce masu motoci miyagu ne ba, da yawansu tsofaffin direbobi ne da suka yi tari da gumi. Tsarin ne ya karkace, kuma kullum in abu ya karkace wajen na ƙasa yake zubewa.

Ita gwanjon ma, da mun san abin da muke saye da sauƙi. Da yawa cikinsu tayoyin hunturun Turai ne, waɗanda aka yi da roba mai laushi don ƙanƙara. Alamarsu hoton dutse mai kai uku da ɗigon ƙanƙara a ciki. A ɗauko wannan a ɗora bisa kwaltar Sakkwato a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce awo 40! Ta sha mai, ta cinye da wuri. Wasu an cusa su cikin juna, uku ko huɗu a cikin ɗaya, don a rage kuɗin jirgi, wayoyin cikinsu sun lanƙwashe tun kafin su taka ƙasarmu. Wasu an sassaƙa musu sabon zane da wuƙa an shafa musu baƙin mai suna ƙyalli kamar amarya. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefe, lamba huɗu cikin wani ɗan zobe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha faɗin cewa shekara huɗu ne wa'adin taya. Ku zagaya tasha ku karanta, sa'an nan ku gaya mana nawa suka tsira.

A wani wuri fashewar taya ɓata lokaci ce. A nan ba haka ba ne. Duk wanda ya bi ta Kwanar Maharba ko dajin Gundumi cikin shekarun nan ya san abin da ake nufi da mota ta tsaya a inda ba gari. Ba mu manta da matafiyan da aka ƙone cikin mota kusa da Gidan Bawa a watan Disamba 2021 ba, Allah ya jiƙansu. Ba taya ce ta kashe su ba, amma tun daga ranar babu direban da ke son ya durƙusa da jak a bakin daji, babu kuma fasinjan da ke son tsayawa yana kallonsa.

Ina Gwamnati? A takarda, Hukumar Kwastan ta haramta shigo da tsofaffin tayoyi, ban da wasu manya na manyan motoci da ake sake wa fuska. A kasuwa kuwa ga su nan tsibi-tsibi, sun wuce shinge nawa kafin su iso, kowa ya san yadda aka yi. An hana talaka tsohuwa, ba a ba shi sabuwa ba. Da muna da namu ma'aikatu. Dunlop tana yin taya a Ikeja, Michelin tana yi a Fatakwal, tun farkon shekarun 1960. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta bi ta a 2008, ana kukan rashin wutar lantarki da kwararowar tayoyin waje. Itacen roba kuwa yana nan a Edo da Delta da Kuros Riba. Watau mu fid da ɗanyen ƙaro, su sarrafa, su hau har su gaji, kana su sayar mana da ragowar. Kakanninmu sun ga irin wannan ciniki a kan gyaɗa da fata, ashe bai ƙare ba, riga kawai ya sake.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta san amfanin irin takardar nan sarai, gama an riga an fito da tambarin tsimin wuta na firji da na'urar sanyaya ɗaki. Firji! A ƙauyukan da suka shekara ba su ga wutar lantarki ba. An auna wa mai hali abin da zai sanyaya masa ruwa, ba a auna wa talaka abin da ke ɗauke da ransa da dukiyarsa ba. Muna neman a tilasta wa duk mai shigo da sabuwar taya ya liƙa mata takardar shan mai da ta riƙon birki, a rubuta da Hausa, boko da ajami, ko da yake kore da ja ba su bukatar malami. Muna neman a sassauta haraji a kan masu kore, a bar shi a kan masu ja, domin bambancin kuɗin ya ragu. A kuma gwada su a kan hanyoyinmu da zafinmu, kada a kawo mana taya mai sirantaccen gefe wadda ramin farko zai tsaga, a ce ai tana tsimin mai. Wakilanmu na Isa da Sabon Birni da ke zaune a Majalisa, in sun zo gaisuwar Salla, a tambaye su wannan a gaban jama'a.

Amma kada mu zauna jiran Abuja, gama mun san tsawon wannan jira. Sababbin tayoyi da yawa, har da na ƙasar Sin masu rangwamen kuɗi, suna isowa da takardar Turai a manne, don ma'aikata ɗaya ke yi wa kasuwa biyu. Mai saye ya duba kafin yaron shago ya ɓare ta. Ƙungiyar direbobi, wadda ba ta taɓa kasa karɓar kuɗin tikiti ko rana ɗaya ba, ba za ta kasa haɗa adashen taya ba, a saya da yawa kai tsaye daga dila a Kano ko Sakkwato. Mai mota da direba kuma su zauna su raba: in direba ne zai ci ribar mai, ya sa wani abu cikin kuɗin tayar, a rubuta a gaban shaidu.

Saura iska, wadda ta fi kome araha. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce gyaran iska kaɗai yana iya rage shan mai har kashi 3 cikin ɗari. Mai facinmu kuwa sau da yawa awonsa shi ne ya ƙwanƙwasa taya da ƙarfe ya saurari ƙara, ko ya sa wani tsohon ma'auni da alluransa ta daina motsi tun zamanin Shagari. Wasu direbobi kuma sun ji an ce iska tana rage shan mai, sai su ɗura har taya ta zama dutse. Wannan wata halaka ce: tsakiyarta ta cinye, birki ya ƙi kamawa, rami ya fasa ta. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tanki, a kuwa auna da safe tun taya ba ta yi zafi ba. Ma'auni mai kyau guda ɗaya a ofishin 'yan kamasho ya ishi tasha duka.

Direbobin da ke cikinmu, ga aiki. Kowa ya sami ɗan littafi, ya rubuta litar da ya sha da zuwan da ya yi har wata guda yadda yake yanzu. Sa'an nan ya daidaita iska kowace safiya, ya sake rubutawa wata guda. Wanda Allah ya hore wa sabuwar taya ya rubuta harafinta. A kawo littattafan wurin magatakardan reshe, na Isa a Isa, na Sabon Birni a Sabon Birni, za mu haɗa mu buga a wannan shafi da sunan hanya da irin mota, ban da sunan mutum.